KWANA ARBA'IN NA JEGO: ME ZA MU RIƘE, ME ZA MU SAKI?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma mai ritaya, ta gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ta karanta, bisa roƙon waɗanda suka halarta.)



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu a wannan ɗakin taro da rai da lafiya. Waɗanda muka zauna da su bara, bana kuma babu su, Allah Ya jiƙan su, Ya kyautata namu ƙarshen.

Lokacin da takardar sakatariya ta same ni cewa ni ce zan yi jawabi a kan uwa da zaman iyali da kuma komawa ga rayuwa irin ta iyayenmu, sai da na yi kwana biyu ina neman hanyar zillewa. 'Yan ajinmu ba su manta ranar da aka tsayar da ni muhawara a aji uku ba, na buɗe baki maganar ta ƙi fita, har sai da Malamar Hausa ta ce in zauna in sha ruwa. Ga ta nan zaune a layin gaba, Allah Ya ƙara mata lafiya, kuma na lura yau ma an ajiye mini ruwan. Bayan haka kuma gaba da gabanta, domin a wurin nan akwai waɗanda suka yi jego tun ba a haife ni ba. Amma da yake na yi shekara 35 a ɗakin haihuwa, mafi yawansu a ƙasar Karaye da Rogo, sai na ga idan na yi shiru ban yi wa makarantar da ta rene ni adalci ba.

Batun da aka ba ni yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan yanki ɗaya, wato kwana arba'in na jego. A cikin waɗannan kwanaki ne al'adarmu ta fi nuna gatanta ga mace, kuma a cikinsu ne na fi ganin mata suna mutuwa.

ABIN DA YA SA NA ZAƁI WANNAN MAGANA

Ba zan ambaci sunanta ba, 'yan ajinmu sun san wadda nake nufi. Gadonmu ɗaya a ɗakin kwana, tana sama ina ƙasa, kwanonmu ɗaya a wajen gabza, kuma duk ajin babu mai kama ƙafarta a lissafi. Muna gamawa a 1985 aka yi mata aure a wani ƙauye ta wajen Rogo. A daminar 1991 ta yi haihuwa ta uku. Na je suna, na same ta tana dariya, sai dai ta rame ƙwarai.

Bayan kamar mako uku aka aiko mini cewa ba ta jin daɗi. Na tarar da ita a zaune an jingina ta da bango, an tara mata matasai, domin idan ta kwanta numfashinta sarƙewa yake yi. Ƙafafunta sun kumbura har idan ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Tana tari, kuma ba ta iya ƙarasa magana sai ta huta. Tsofaffin gidan suka ce sanyi ne ya shige ta saboda ba ta gasu da kyau ba. Don haka aka ƙara itace, wanka ya koma sau uku a rana, aka ƙara wa kunu kanwa. Wallahi ba don ƙiyayya suka yi ba. Kakar mijinta da kanta take tashi tun asuba ta hura wutar, ga tsufa ga ciwon baya.

A lokacin shekarata biyu kacal da fara aiki. Na gane abin da nake gani, amma kunya ta hana ni ɗaga murya a gaban surukanta. Na ce dai a hankali ya kamata a kai ta asibiti. Aka ce maigidan ya yi tafiya Kudu, ba mai ikon fitar da ita sai ya dawo. Aka jira shi kwana biyu. Da ya dawo aka nemi mota, ruwa kuma ya ɓata hanya, sai da aka yini kafin a isa Kano. Kwananta biyu a gadon asibiti Allah Ya karɓi abinsa. Jaririyar ta rayu, yau ita ma uwa ce.

Rai na Allah ne, wannan babu shakka. Amma Allahn da Ya saukar da cuta Shi Ya umarce mu da neman magani, kuma shirun da na yi ranar farko har yau yana ci mini rai. Tun daga ranar na yi alkawarin ba zan ƙara barin kunya ta rufe mini baki a kan ran mace ba.

ABIN DA IYAYENMU SUKA SANI

Kafin in faɗi aibin wani abu a al'adarmu, bari in fara da alherinta, domin duk wanda ya raina tushensa ya raina kansa.

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa ɗaya daga cikin shahararrun littattafan da duniya ke karantawa a kan rayuwar matan Hausawa labarin mutuniyar ƙasarmu ba ne. Ina nufin Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi a Karo da Zarewa, Zarewar nan da muka sani a ƙasar Rogo. A tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin hare-haren kamun bayi har zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a Ingila a 1954. A ciki ta yi bayanin haihuwa, da wankan jego, da kunun kanwa, da suna, da kunyar ɗan fari. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, idan kuka karanta za ku ga kusan yadda ake yi a ƙauyukanmu har gobe. Wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi, Baba ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta rena. Ina faɗin wannan ne domin 'yan'uwanmu da ke nan waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba amma sun reni 'ya'yan wasu. Ku ma iyaye ne, maganar nan taku ce.

Me ke cikin wannan tsari na iyayenmu? Mai jego ba ta daka, ba ta surfe, ba ta ɗiban ruwa, ba ta girki har ta yi arba'in. Idan haihuwar fari ce gidansu take tafiya, uwarta ta kula da ita. Ana yi mata ƙauri, a gasa mata nama, a tanadar mata yaji da kunu. Akwai tsohuwa a ɗakinta dare da rana, mai karɓar jariri idan ya yi kuka domin uwar ta runtsa. Ana shayar da yaro kusan shekara biyu kafin a yaye shi, kuma mace ta yi kwanika abin magana ne a unguwa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kuma mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki. Kakanninmu ba su shiga aji ba, amma sun riga hukumar sanin haka. A ƙasashen da muke ganin sun ci gaba, mace takan haihu ta koma gida ita kaɗai da jariri, ba uwa ba gwaggo. Wannan gata da muke da shi kada mu yarda ya salwanta.

ABIN DA LIKITOCIN ZARIYA SUKA GANI

To, ina matsalar take? Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura ana yawan kawo musu masu jego da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza aikinta, fiye da yadda ake gani a ko'ina. Biyu daga cikinsu, Dakta Davidson da Farfesa Parry, suka bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun ɗora zarginsu a kan abubuwa biyu, yawan kanwa da kuma tsananin zafi, wato na ruwan wanka da na gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi.

Dalilinsu mai saukin ganewa ne. A lokacin ciki jinin mace yakan ƙaru da kusan rabi, kuma bayan haihuwa jiki yana buƙatar makonni kafin ya zubar da rarar ruwan. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki shi ne ya cika ta. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara gudu. Ashe ke nan an ɗauki jakin da ya dawo daga doguwar tafiya, an ƙara masa mangala, an kuma sa masa bulala.

Wannan shi ne abin da aka koya mana a makarantar jinya, kuma da shi na yi aiki shekara da shekaru. Na yi faɗa da kakanni ba adadi. Abin da faɗan ya jawo mini shi ne, mata suka riƙa ɓoye mini gaskiya. In tambayi mai jego ko tana wankan zafi ta ce a'a, alhali ga shatar ganye a bayanta. Wasu ma suka daina zuwa, aka ce kada a je wurin malamar nan mai hana wanka.

ABIN DA SABON BINCIKE YA GANO

Ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma malamanmu da ke nan su suka koya mana cewa idan aka yi maka gyara ka karɓa. A 'yan shekarun nan an yi wani babban bincike a asibitoci 22 a faɗin Nijeriya a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda sunan garinmu yake ɗauke da shi. An buga sakamakon a 2020. An duba mata 406 masu wannan ciwon zuciya na jego, aka tarar wajen kashi 72 cikin 100 daga Arewa maso Yamma suke. A Kano an samu inda mace 1 cikin kowace haihuwa 96 ke kamuwa da shi, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya.

Amma ga inda maganar take. Da aka gwada waɗannan mata da masu jego lafiyayyu, ba a ga cewa wankan jego ko kunun kanwa su ne suka bambanta su ba, domin lafiyayyun ma suna yi. Abubuwan da suka fito fili guda huɗu ne: rama da ƙarancin nauyi, hawan jini irin na mai ciki wanda kan kai ga jijjiga, rashin karatun zamani, da rashin sana'a ko aikin yi.

Da na karanta wannan sai na zauna na sake tuna ƙawata. Haihuwa uku cikin shekara biyar. Ta rame kamar sillen kara tun kafin ta haihu. Ita ce mai girki a gida mai mutum kusan ashirin, kuma ita ce ta ƙarshen ci. Ta yi ta fama da ciwon kai da kumburi a watannin ƙarshe, ba a taɓa auna jininta ba. Karatu kam ta yi, amma ba ta da sisin kanta da za ta ɗauki mota, ba ta kuma da ta cewa a kan fitarta. Shekara talatin ina jin haushin tukunyar wanka, ashe tun kafin a ɗora tukunyar an riga an ci rabin ƙarfinta.

TO, A YI WANKAN KO A BARI?

Kada wata ta fita daga nan ta ce na ce a tafasa ruwa a watsa wa mai jego. Da idona na ga bayan da ya saluɓe, na ga wadda jiri ya ɗebe ta a banɗaki ta faɗa kan tukunya, na ga ɗinki ya warware saboda an zaunar da mace a ruwan da ya fi ƙarfinta. Kuma ko da ba wankan ne ya haddasa ciwon zuciya ba, wadda zuciyarta ta riga ta raunana zafi da kanwa ƙara mata nauyi suke yi. Ga abin da nake gaya wa kakanni yanzu, kuma na ga suna karɓa tun da na daina yi musu faɗa:

1. A yi wanka, a sa ganyen runhu ko na darbejiya kamar yadda aka saba, amma a surka ruwan. Mai yin wankan ta tsoma gwiwar hannunta, idan ba za ta iya barin ta a ciki ba, to, bai dace da jikin 'yarta ba.

2. Wadda aka yi wa tiyata, da mai hawan jini, da wadda ta zubar da jini da yawa, da mai jiri, ruwan ɗumi kawai za su yi amfani da shi.

3. Kanwa a sa 'yar kaɗan don ɗanɗano. Mai hawan jini ko kumburi kada ta kusance ta, a dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. Abin da ke kawo ruwan nono shi ne yawan tsotson jariri da ƙoshin uwa.

4. Daga watan ƙarshe na ciki har wata biyar bayan haihuwa, idan aka ga mace tana haki, ko ƙafafunta sun kumbura, ko tana tari da dare, ko ba ta iya kwanciya sai an tada kanta, ko zuciyarta na dukan uku-uku, kada a ce sanyi ne. A kai ta asibiti a ranar. Ciwon yana da magani, kuma da yawa suna samun sauƙi idan an zo da wuri.

5. Haka nan ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da zazzaɓi, da jini mai wari, da jinin da ke jiƙa zane bayan zane. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

A kan zubar jini ina so 'ya'yanmu ɗalibai su buɗe kunne. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka buga a 2023. Sun nuna cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin a ga yawansa da wuri, aka kuma haɗa magungunan a lokaci ɗaya, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kashi 60 cikin 100. 'Yar Kano ce, a kan benci irin naku ta zauna.

HAƘƘIN JARIRI

Shi ma jariri yana da nasa rabo a cikin arba'in ɗin nan. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar shanu har kwana uku. Jama'a, wannan ruwan nono na farko mai kauri shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa yaro. A sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Tsotson nan kuma yana taimakon mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi wuyar karɓuwa. Kullum tambayar ita ce, a wannan zafi na bazara yaro ba zai ji ƙishirwa ba? Nono kansa wajen kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda bai bi ta randa ko moɗa ba. Uwa ta sha ruwa ta ƙoshi, yaro ya sha nono zalla har wata shida, gudawa za ta yi nesa da shi. Zuma ma, duk da albarkarta, a dakata da ita sai yaro ya shekara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla.

Cibiya kuma a bar gasa ta da tsumma, a bar shafa mata toka ko man goge baki. Ta nan ciwon sarƙe haƙora ke shiga. Akwai man shafawa na musamman da ake samu a asibiti, shi kaɗai ya isa.

ABINCIN YANA ƘOFAR GIDANMU

Tunda rama ce kan gaba a cikin abubuwan da binciken ya gano, to, maganin farko yana cikin rumbu da bayan gida. Allah Ya yi wa ƙasarmu arziki. Muna da gero da dawa da masara, muna da wake da gyaɗa da waken suya na awara. Muna da zogale da rama da yakuwa da kuka da kabewa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 kifi bai yanke a Karaye ba. Ga nono a wurin Fulani, ga kaji a tsakar gida.

Amma ku dubi yadda muke yi. Ƙwai a kai kasuwa. Wake a sayar tun kaka. Tsokar nama a kwanon maigida, mai ciki kuwa ta suɗe tukunya. Wasu ma har yanzu suna hana mai ciki cin abinci sosai wai kada ɗa ya yi girma ya ba ta wahala. Sannan ranar suna a yanka rago, a yi kaya na gani na faɗa, alhali wata tara ba a saya mata kifin da zai cika tafin hannu ba. Gatan da ake jira sai an haihu a nuna shi ya makara, tun ciki na ƙarami ya kamata ya fara. A haɗa mata da awo, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kai sau takwas, da ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da kwana cikin gidan sauro.

Ina kuma jan kunnenmu game da masu tallar magani a mota da lasifika, da masu sayar da haɗe-haɗe ta waya da sunan gargajiya. Kasancewar abu daga itace ya fito ba ya nufin ba ya cutarwa, ai zaƙami ma tsiro ne. Kakanninmu sun san ganyen da suke tsinka da hannunsu, mu kuwa ba mu san abin da aka ɗura a jarka ba.

LAIFINMU MU 'YAN BOKO

Kada mu zauna muna nuna mutanen ƙauye da yatsa. Mu da muka yi karatu mun saki abin da ya kamata mu riƙe. Mu ne muka mayar da madarar gwangwani alamar wayewa. Mu ne muke komawa aiki da girki tun ba a yi sati uku ba, don kada a ce mun cika son jiki. Mu ne muke korar tsohuwar da aka turo mana daga gida, wai ta cika ƙauyanci. Sannan idan muka je ƙauye muka ga ana abin da zai cutar, sai mu yi shiru irin nawa na 1991, ko kuma mu yi magana da izgili irin wadda na yi daga baya. Duka biyun ba su ceci kowa ba. Tsohuwa tana jin magana idan aka durƙusa aka gaishe ta, aka yaba wahalarta, sannan aka ce, Inna, ga abin da aka gano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Kowace ɗaya a cikinsu 'yar ajin wasu ce.

KIRA GA MAZAJE DA ƘUNGIYA

Iyayen gida da ke nan, Allah Ya saka muku da alheri da kuka zo. Roƙona gare ku guda ɗaya ne, kuma ku isar wa abokanku a majalisa da masallaci. Duk wanda matarsa ke da ciki, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da 'yan'uwansa cewa ya ba da izini a kai ta asibiti ko yana nan ko ba ya nan, dare ko rana. Ya ware kuɗin mota tun ciki na wata bakwai, kamar yadda yake tanadin itacen wanka da ragon suna. Ya kuma san wanda zai ba ta jini idan an buƙata.

Ga ƙungiya kuma ina gabatar da shawarwari huɗu, shugabanni su duba:

Na ɗaya, mu ware wani kaso na kuɗin da muke tarawa mu sayi na'urorin awon hawan jini, mu raba wa ƙananan asibitocin da ke nesa da gari, ta wajen Zarewa da Fulatan da Beli, da ta wajen Turawa da Yammedi da Kafin Dafga. Kuɗin ankon da muka yi yau ya isa ya sayi da dama.

Na biyu, mu buɗe asusun mota na gaggawa, mu yi yarjejeniya da direbobi amintattu a tashar Karaye da ta Rogo.

Na uku, kowace 'yar ƙungiya ta ɗauki mai ciki ɗaya a danginta ko unguwarsu, ta bi ta tun daga awo har arba'in, ta zo mana da labari baɗi.

Na huɗu, mu ɗauki nauyin yaran da ake shirin cirewa daga wannan makaranta saboda rashin kuɗi, mu kuma taimaka wa matan aure da jarin sana'a. Binciken da na ambata ya nuna mana cewa aji da sana'a suna cikin maganin zuciyar mace.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ga malamanmu. Lokacin da kuke korar mu zuwa aji da bulala ba mu san rayukanmu kuke tsarewa ba. Waɗanda suka rasu a cikinku Allah Ya haskaka kabarinsu, ku da kuke raye Allah Ya sa ku gama lafiya. 'Yan ajinmu kuma ina roƙon ku sa ƙawarmu a addu'a, ita da duk matan da suka tafi a kan gwiwa ko a cikin jego. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.